Kuɗi ne ke sauya mutum, ko dama halinsa ke nan?

Ɗan kabu-kabu, Zango: Salamu alaikum. Jiya a fada wani dattijo ya ce kuɗi ba su taɓa sauya kowa ba, halin da babu ta rufe ne suke buɗewa. Ni ban yarda ba. Da zinariya ta fito a Jado a 2014, samari nawa suka bar Damagaram suka bi ta Agadas? Akwai wanda muke cin kwano ɗaya, ko rigarsa ka yaba sai ya tuɓe maka. Ya dawo da mota, yau in ka kira wayarsa yaronsa ke ɗauka. Wannan ba shi ba ne, kuɗi suka mayar da shi haka.

Malamin lakwal, Birni: Ƙanena, dattijon nan ya fi ka gaskiya. Wanda ba shi da komai, me aka gwada shi da shi? Kyautar riga ɗaya ba ta da wuya. Hali zanen dutse ne. A yunwar 2005, bayan fari da fara, an ga masu gero sun kulle sito suna jiran tiya ta ƙara tsada, an kuma ga waɗanda suka buɗe nasu. Dukiya iri ɗaya, zuciya daban.

Ɗan kabu-kabu: To Malam, in hali ba ya motsi, wa'azi da tarbiyya na mene ne?

Hajiya mai atamfa, kasuwar Dole: Ƴaƴana, ku duka mai kuɗin kuke kallo, ba wanda ya waiwayi mu da ke kewaye da shi. Ina da ƙane da Allah ya buɗa wa. Kafin ya idar da sallar asuba mutane sun cika zaure: wannan takardar magani, wannan suna, wannan kuɗin haya. Ya ba na farko, ya ba na biyu, na biyar ya ce a yi haƙuri, sai a fita da shi gari wai ya sauya. Abokan da a da ke zuwa hira, yanzu ba mai zama ya sha shayi ya tashi bai roƙa ba. Ranar da ya yi zazzaɓi, mai gaishe shi ma da buƙata ya zo. Ya za a yi mutum bai ja jiki ba? Wallahi abin na ci mini rai.

Malamin lakwal: Hajiya, wannan gaskiya ne, amma jan jiki daban, wulaƙanci daban. A ce babu da sakin fuska ai ba ya cin ko dala.

Mai tura ruwa, Garin Malam: Ni da bazara nake sanin mutane, in famfo ya ɗauke, jarka ta yi tsada. Akwai babban gidan da ke bar wa maƙwabta tanki su ɗiba, akwai wanda ke sa kwaɗo. Amma na ga talaka ma ya hana maƙwabciyarsa bokiti ɗaya alhali randarsa cike.

Ɗan kabu-kabu: Hajiya, maganarki ta shige ni. Sai dai abokin nan nawa ban taɓa roƙonsa ko sisi ba. Gaisuwa kawai nake nema.

Hajiya mai atamfa: To ka bar waya, ɗana. Ka taka ka same shi bayan la'asar, ka zauna, ka tashi ba ka nemi komai ba. In ya karɓe ka a tsaye, ka dawo nan ka faɗa mana.