Muhawara: Shin "Lili Marleen" waƙar 'yan Nazi ce?

Malam Sabo: Jama'a, ni ra'ayina bai canza ba. Waƙar da rediyon sojojin Hitila da ke Belgrade ya riƙa sakawa kowane dare tun 1941 don ƙarfafa wa sojojinsu gwiwa, ai waƙar Nazi ce. Lale Andersen kuwa, Bajamushiyar da ta rera waƙar, ta ci moriyarsu. Kafin nan wa ya san ta? Tana ta yawon waƙa a kulob-kulob ɗin dare na Berlin da Munich, faifan da ta buga a 1939 ko dubu ɗaya bai sayu ba.

Hajiya Binta: Malam, ka duba baitocin kuwa? Soja ne ke begen budurwarsa, yana tuna yadda suke tsayawa gindin fitilar titi a ƙofar bariki. Ba Hitila, ba tuta, ba kirarin yaƙi. Hans Leip ya rubuta su tun 1915, lokacin yaƙin duniya na farko, ko jam'iyyar Nazi ba a kafa ba.

Auwal: Gaskiyarki Hajiya. Amma wanda ya ɗora kiɗan a 1938, Norbert Schultze, shi ne ya yi wa gwamnatin kiɗan waƙar da ke kiran a yi wa Ingila ruwan bama-bamai. Wannan hannunsa dumu-dumu.

Hajiya Binta: Laifin makaɗi daban, Auwal. Idan tasu ce, me ya sa Goebbels, ministan farfagandarsu, ya tsane ta? Cewa ya yi tana kashe wa soja jiki. Ita kanta Andersen an hana ta hawa dandamali a 1942 bayan an kama wasiƙun da take aika wa Rolf Liebermann, wani makaɗi Bayahude da ke Zurich. Da aka ɗage mata takunkumin ma, an gindaya mata sharaɗin kada ta rera wannan waƙar.

Malam Sabo: An hana ta, amma rediyon bai daina ba. Kusan ƙarfe goma na dare sai an saka.

Ummi: Baba Sabo, a yi min afuwa in sa baki. A hamadar Libiya sojojin Rommel, kwamandan Jamus, na saurare, sojojin Birtaniya da ke yaƙarsu su ma sun karkata akalar rediyonsu can a daidai lokacin. Har sai da aka yi ta da Turanci, Anne Shelton ta rera. Marlene Dietrich kuma, wadda ta bar Jamus ta ƙi Hitila ƙiri-ƙiri, ta yi tata a 1944 tana rera wa sojojin Amurka. Ita ma 'yar Nazi ce ke nan?

Auwal: Kai, Ummi ta ɗaure mu da jijiyarmu.

Malam Sabo: 'Yata, na ji batun waƙar, na sassauta. Mawaƙiyar ce ban wanke ba. Kamar mawaƙin siyasa ne da ya sha inuwar gwamnati, sai da aka taka shi ya fara kuka. Ta je ta yi wa sojojin mamaya wasa, ta samu suna, bayan yaƙi ta ci gaba da abinta, har ta wakilci Jamus a gasar waƙa ta Eurovision a 1961.

Hajiya Binta: Mace mai 'ya'ya uku a ƙasar da ake ɗaure mutum kan wasiƙa, so kake ta yi me? Dietrich tana Amurka, ba mai taɓa ta. Ita wannan tana cikin bakin kura.

Malam Sabo: Wasu ai sun ƙi, Hajiya, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu.

Auwal: Wa ke da ta 1939 ɗin? A turo mu ji muryarta tukuna, ni ta Dietrich kaɗai na taɓa ji.