Sammacin ba da shaida a kotun manyan laifuka ta Biyana: wa ya taɓa shiga?

Sabon Zuwa: Salamu alaikum 'yan uwa na Ostiriya. An aiko mini takarda in je ba da shaida a Landesgericht, wato kotun manyan laifuka da ke unguwar Josefstadt, kan wata rigima da aka yi a gabana. Wallahi tun da na buɗe ta barci ya ƙaurace mini.

Yayan Kowa: Kwantar da hankalinka ƙanena, shaida aka kira ka, ba kai ake tuhuma ba. Na je sau ɗaya. Ka riƙe takardar da katin shaidarka, ka yi sammako saboda binciken bakin ƙofa, irin na filin jirgi ne. A benci na zauna a waje har aka kira sunana, don ba a barin mai shaida ya ji na gabansa. Minti goma aka sallame ni, har kuɗin mota suka mayar mini.

Tafinta: Malam, in Jamusancinka bai nuna ba, ka sanar da su tun yanzu a nemo maka tafinta. Na sha ganin mutum yana gyaɗa kai alhali bai gane tambayar ba, kuma shaidar zur laifi ce. Abin da ba ka gani ba, ka ce ba ka gani ba. Ran da na fara aiki a babban zauren, alƙalai uku a sama, masu taya su hukunci takwas a gefe, sai da muryata ta yi rawa.

Hajiyar Biyana: Ni ba shari'a ta kai ni ba, ziyara ce. Mutanen gari "Gida Mai Toka-toka" suke ce wa ginin kotun. An gina shi tsakanin 1831 da 1839, kurkukun Josefstadt na manne da shi. Aka shigar da mu wani ɗaki inda 'yan Nazi suka fille kan mutum fiye da dubu daga 1938 zuwa 1945, har da wata sista ma'aikaciyar jinya, Restituta Kafka, a 1943. Sunayen na nan jere a bango. Kowa ya yi tsit, ni kam ban iya cin abinci ba ranar.

Sabon Zuwa: Hajiya, ai kin ƙara tsorata ni!

Hajiyar Biyana: Haba ɗana, mutum na ƙarshe da aka rataye a nan a 1950 ne, a 1968 kuma aka soke hukuncin kisa gaba ɗaya. Kai dai duba lambar zaurenka a jikin takardar, ginin yana da faɗi.