Wa ya kamata a fara kira idan sakamakon awo ya taru daga gidaje?

Sabuwar Nas:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da aka ɗora mini kula da masu hawan jini, ciwon suga da ciwon zuciya waɗanda ke awo a gida, na'urorinsu kuma suna turo sakamakon zuwa kwamfutar cibiyarmu ta lafiya a matakin farko. Kullum da safe nakan tarar da allo cike da jajayen alamu, ga kuma marasa lafiya suna jira a waje. Jiya na kira wani dattijo hankalina a tashe saboda awon hawan jininsa ya kai 172/98, ashe saukowarsa ke nan daga bene ya ɗaura na'urar. Yaya kuke tantancewa?

Tsohuwar Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni masu raunin zuciya nake fara dubawa, kuma nauyinsu nake kallo kafin komai, domin wanda ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3 mai yiwuwa ruwa ne ke taruwa a jikinsa. Idan na kira shi, ina sauraron yadda yake numfashi tsakanin kalmomi, sannan in tambaye shi ko takalminsa ya fara matse shi, da yawan matasan kai da yake tada kai da su kafin ya iya barci. Bayansu sai wanda sugansa ya sauka ƙasa da 70 mg/dL. Hawan jini kuwa, awo ɗaya ba ya tayar mini da hankali, sai ya kai 180/120, ko ya zo da ciwon ƙirji, raunin ɓarin jiki ko dishi-dishin gani. Mai irin waɗannan alamu sai asibiti kai tsaye.

Nas Mai Ziyara:
Sista ta yi gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne, yawancin jajayen alamun nan daga yadda ake awon suke. Ki koya wa dattijon ya zauna ya huta minti 5, ya jingina bayansa, damtsensa daidai da ƙirji, kuma ki tabbatar maɗaurin bai yi masa ƙanƙanta ba, don ƙaramin maɗauri yana ƙara lamba. A awon gida, daga 135/85 ne ake ɗauka jini ya hau.

Sabuwar Nas:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To wanda ya yi kwana huɗu bai turo komai ba fa?

Tsohuwar Hannu:
Ki kira shi yau ɗin nan. Wataƙila batir ne ya mutu, amma na taɓa samun wadda ta daina awo saboda ta kasa tashi daga gado.