Wankin zinare na ƙarshen mako a Amurka: wane kulob, wane rafi?

Sagir: Salamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah tambaya gare ni. Wani bature abokin aikina kusan duk Litinin sai ya zo da 'yar kwalba yana nuna mana garin zinare wai a rafi ya wanko, tun ina ɗauka wasa ne har abin ya shiga raina. Ina Phoenix, ina so in gwada ni da yarana biyu ran Asabar. Dole sai na shiga kulob ne ko kawai in ɗau faranti in nufi daji? Kar garin neman gira a rasa ido.

Injiniya Lawal: Wa alaikumus salam Sagir. Kafin maganar faranti fara sanin ƙasar waye za ka taka, nan ne mutane ke shiga uku. Dajin da kake gani fetal ba kowa, kashi-kashi ne. Akwai na hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya wato BLM, ita ke riƙe da eka kusan miliyan 245 yawanci a yammacin ƙasar, akwai na hukumar gandun daji, waɗannan biyun galibi an yarda ka yi wanki da hannu ba inji ba tare da famit ba. Amma gandun shaƙatawa na tarayya irin Grand Canyon ko tsakuwa ba a ɗauka, haka yankunan ƙabilun asali da filin sojoji. Ku kuma a Arizona akwai ƙasar amana ta jiha, famit ɗin yawon shan iska da suke sayarwa bai ba ka damar neman ma'adini ba.

Sagir: To in na tabbatar ta BLM ce shikenan?

Injiniya Lawal: Ina fa, saura kilem, wato filin da wani ya yi wa rajista don neman ma'adini. Dokar haƙar ma'adinai ta 1872 har yau tana aiki, ɗan ƙasa ko wanda ya bayyana niyyar zama ɗan ƙasa zai iya kafa turaku ya yi rajistar fili, eka 20 ga mutum ɗaya, in sun kai takwas har 160, yana biyan kuɗin shekara kafin 1 ga Satumba. Kana iya ratsawa ta ciki da ƙafa don ƙasar ta gwamnati ce, amma zinaren ciki nashi ne, ka ɗebi ko cokali ɗaya ka ci haƙƙin wani. Ana dubawa a shafin BLM mai suna MLRS, sai dai taswirar ba ta nuna maka iyaka daidai-daidai, sai ka haɗa da takardun ofishin rajista na gunduma. Wannan ciwon kan shi ya sa kulob ke da amfani, su suka mallaki kilem ɗin, kai dai ka biya kuɗin mamba ka shiga da katinka.

Baba Ɗanjuma: Gaskiya Injiniya ya faɗa. Ni farkon zuwana Sacramento na taɓa zama bakin wani rafi na wanke bokiti uku ina ta murna sai ga wani dattijo da kare ya fito daga tirela, irin ɗakin kwanan nan da mota ke ja, yana nuna min wata farar sanda da gwangwani ɗaure a jiki, ashe takardar kilem ɗinshi ce a ciki, wallahi ban ma lura da ita ba. Allah ya sa mai sanyin hali ne, na juye mishi yashinshi na ba da haƙuri, ƙarshe ma shi ya koya min karkaɗa faranti. Ba kowa zai yi maka haka ba ɗana.

Sagir: Subhanallah. Baba wane kulob za ka ce in shiga?

Baba Ɗanjuma: Babba dai GPAA ce, ƙungiyar masu neman zinare ta Amurka, George Massie ya kafa ta a 1968, in ka shiga suna ba ka littafin filayensu jiha-jiha kuma suna da rassa da ke taron wata-wata. Tana da 'yar'uwa LDMA mai sansanoni na kanta, ɗaya yana nan Stanton kusa da ku a gindin Rich Hill, amma wannan ta masu tirela ce da 'yan fansho, kuɗinta da nauyi. In ba yawo jiha-jiha za ka yi ba ni ƙaramin kulob na gari na fi so, a Phoenix akwai Roadrunner Prospectors Club. Je taronsu sau ɗaya tukun, ka tambaya fili nawa gare su kusa, ƙaramar mota na shiga ko sai mai taya huɗu, katin ya haɗa da iyali ko a'a. Tsofaffin nan in ka zauna ka saurare su sun fi littafi.

Maman Ihsan: Ni dai tunda da yara ne kar ka biya ko sisi yanzu, kai su wurin da aka ware wa kowa ka ga ko za su jure, nawa minti arba'in suka yi suka koma jifan ruwa da duwatsu lol. Mu nan Jojiya Dahlonega muke zuwa, akwai Crisson da Consolidated, ka sayi bokitin ƙasa su nuna maka yadda ake yi, ga banɗaki ga inuwa. Ba neman zinare na gaske ba ne amma hannu na faɗawa.

Injiniya Lawal: Hajiya ta kawo shawara. Irin wannan na kyauta kusa da kai shi ne Lynx Creek a dajin Prescott, tafiyar kamar awa biyu, an ware shi ba mai yin kilem a ciki. Faranti da kayan hannu kawai, babu inji, ramin da ka tona ka cike. Kira ofishin gandun dajin kafin ka taso don wani lokacin rafin a bushe yake.

Mahamadu: Ni abin dariya yake ba ni. Lokacin da zinare ya ɓulla a Jado, arewacin Nijar, a 2014 ƙannaina sun saida babur sun sayi na'urar neman zinare sun shiga hamadar Tenere da jarkokin ruwa, wasu sun samu wasu sun dawo da bashi, nan kuma mutum ya biya kuɗi don a bar shi ya wanke yashi yana nishaɗi. Amma na kai iyali Reed Gold Mine, ba nisa sosai daga Greensboro a jihar North Carolina, inda yaro ɗan shekara 12 ya tsinci dunƙule mai nauyin fam 17 a 1799, gidansu suka shekara uku suna tokare ƙofa da shi, uban ya saida dala uku da rabi don bai san mene ne ba. Ba sa buɗe wanki lokacin sanyi, a duba kafin a je.

Sagir: To tsakani da Allah ana samun na cefane?

Baba Ɗanjuma: Hahaha. Shekaruna a kai duk abin da na tara bai biya man mota ba. Ranar sa'a ka ga ƙyalli biyar shida a gindin faranti cikin baƙin yashi. Zinare ya fi ruwa nauyi sau 19, don haka ƙasa yake nutsewa, nemi bayan manyan duwatsu da cikin kwanar rafi da tsagar dutse, wanda ke walƙiya yana yawo a sama ba shi ba ne. Mu a Kalifoniya injin zuƙo yashi an hana tun 2009, a Coloma ma inda James Marshall ya gano zinaren da ya jawo rububin Kalifoniya a 1848 hannu da faranti ne kawai.

Maman Ihsan: Don Allah ƙari ɗaya, kar wanda ya ce maka ka sa zaiba ko ka kawo dutse gida ka daka. Ni 'yar Gusau ce, mun ga abin da daka dutsen zinare a tsakar gida ya jawo a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Yashin rafi da ruwa kawai, a wanke hannu kafin a ci abinci.

Sagir: Allah ya jiƙansu. Na gode ƙwarai. Me zan saya?

Injiniya Lawal: Farantin roba kore ko baƙi mai gurbi-gurbi, rariya, ƙaramin shebur, bokiti, maganaɗisu na cire baƙin yashi, da 'yar kwalbar tsotsa. Ruwan sha mai yawa, takalmi rufaffe saboda macizai, tsohon rami in ka gani kar yaro ya leƙa. Sauke taswira a waya tun daga gida, sabis na ɗaukewa a can.

Sagir: Shikenan, Lynx Creek ran Asabar in sha Allahu, bayan asuba za mu kama hanya. Wa ke da faranti na aro a Phoenix? Biyu nake nema, yaran ba za su yarda su yi karɓa-karɓa ba.