Python ya ƙi tace mani masu bashi, me nake yi ba daidai ba?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a. Kawuna yana da shagon atamfa a Kasuwar Dole, ni nake riƙe masa littafin bashi a Excel. Na fitar da fayil ɗin a CSV, wato fayil na rubutu zalla, na karanta shi a Python da csv.DictReader, ina son sunayen waɗanda ake bi sama da jika goma kafin odar Sallah. Ga abin da na rubuta:

`manya = [x for x in bashi if x["kudi"] > 10000]`

Sai ya ce: `TypeError: '>' not supported between instances of 'str' and 'int'`

Da na mayar da shi `"10000"` saƙon ya ɓace, amma yanzu har mai bashin 2500 yana fitowa cikin manya. Kawu gobe yake son takardar. A taimaka.

Malam Mai Allo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, duk abin da ya fito daga CSV rubutu ne, ko da idonka na ganin lamba. Python bai san 2500 ɗin nan kuɗi ba ne. Da ka kwatanta rubutu da lamba sai ya tsaya, kuma gaskiyarsa. Python 2 ba ya tsayawa, amsa kawai yake bayarwa ko da ba ta da kan gado. Python 3 da ya fito a 2008 shi ya hana wannan, tsohon kuma an daina kula da shi tun farkon 2020.

Gyaran da ka yi ya fi cutar muni. Yanzu rubutu biyu yake gwadawa, harafi bayan harafi, kamar jerin sunaye a rajistar lekol. Yana duba na farko: 2 ya fi 1, shi ke nan, "2500" ya fi "10000", ba ya ko kallon sauran. Mayar da kuɗin lamba, ka bar 10000 yadda take:

`int(x["kudi"]) > 10000`

Yar Zango:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma ina jin wannan ba zai kai shi gida ba. Excel ɗinmu na nan yawanci na Faransanci ne. Idan an tsara gurbin ya raba dubbai, abin da zai shiga fayil "12 500" ne, da tazara a tsakiya, kuma int() zai mayar masa da saƙon kuskure na ValueError. Tazarar ma ba irin wadda muke bugawa ba ce, wata ce ta daban da ke hana lamba rabewa a ƙarshen layi, don haka `replace(" ", "")` yakan wuce ta bai gan ta ba. Ni haka nake yi:

`int("".join(x["kudi"].split()))`

split() idan ba a ba shi komai ba yana kwashe kowace irin tazara. Kuma Ɗan Birni, ka yi wannan sau ɗaya tun wajen karanta fayil, kada ka riƙa cusa shi cikin kowace tacewa. In kana da layin awo mai "12,5" sai ka canza waƙafi zuwa ɗigo kafin float(), mai karanta lamba mai ɗigo. Kuɗi kam int ya ishe ka, wa ke bin wani santim a Damagaram?

Sabon Gari 227:
Ku daina wahalar da yaro. Ya sa try da except masu kama kuskure, duk layin da ya ƙi a tsallake shi.

Yar Zango:
A tsallake? Layin da ya ƙi ɗin nan mutum ne da ake bi bashi fa. Wata ƙila shi ne aka rubuta wa "50.000 F" ko "jika 50" ranar da shago ya cika. Ka yi shiru da shi, ya ɓace daga takarda, kawu ya yi asara bai ma sani ba. A kama ValueError ɗin, na yarda, amma a zuba layin cikin wani jeri daban, a buga shi tare da sunan mai shi, a gyara da hannu. Gurbin da babu komai ma nan zai faɗa, don int("") ba ya bayar da sifiri.

Ɗan Birni:
Na gode Malam, na gode Yaya. Ya yi aiki. Masu 2500 sun fita, kuma jerin gefe ya kama wasu layuka masu "F" a ƙarshe. Sai dai ga wata sabuwa: na ga wani an rubuta masa 4000, na tambayi yaron shago, ya ce da dala ya ƙirga (dala ɗaya sefa biyar ce), wato jika ashirin ke nan. Shi dai lamba ce lafiyayya, Python bai ce uffan ba, kuma tacewar ta bar shi a waje.

Malam Mai Allo:
Wannan kam ba na'urar da za ta gane maka. Ka ƙara gurbi ɗaya a kowane layi na Excel mai cewa dala ce ko sefa, in dala ce a ninka da 5 tun wajen karantawa. Na baya kuwa sai ka zauna da yaron, da littafin takarda a gabanku, ku bi su ɗaya bayan ɗaya daren nan.