Akwatin soket na ƙarfe, dole sai an ɗaura masa wayar as?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa, ana ja mana wayar wuta a sabon ɗaki nan Kumasi, akwatunan soket duk na ƙarfe ne cikin bango. Yaron da ke aikin ya sa wayar as (earth, wadda ke kai wuta ƙasa in an samu matsala), wato koriya mai ruwan ɗorawa, a soket kawai, wai sukurori sun isa su haɗa akwatin. Haka ne?

Mai Wuta Asawase: Wa alaikumus salam Alhaji, a'a kar ka yarda. Sukuro yana saki, yana tsatsa, fenti ma yana tare shi. Ya ja guntuwar waya daga as ɗin soket zuwa kunnen da ke jikin akwatin ya ɗaure tam, domin in wayar wuta ta goge ta taɓa ƙarfen, ta nan wutar za ta bi bireka ta faɗi, in babu kuwa akwatin zai riƙe wutar volt 230 yana jiran hannun yaro.

Baba Nima: Gaskiya ne. Kuma ka tambaye shi takardar shaidar aikinsa ta Energy Commission, hukumar makamashi ta Ghana, dokar jan wayar wuta ta 2011 ta wajabta. Ya gwada da mita a gabanka kafin a rufe.

Ɗan Aboabo: Na gode, Allah ya saka. Gobe zai buɗe su duka.