Kaset-kaset ɗin kawuna na kiɗan fiyano, ya zan yi kar su lalace?

Sani_Rumde (Garwa):

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zancen zai ɗan yi tsawo.

Satin da ya wuce muna kwashe kaya a ɗakin kakarmu, Allah ya jiƙanta, don rufin na yoyo kuma ga damina ta matso, sai muka jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ni na ɗauka zannuwa ne ashe kaset ne a jere, na ƙirga 37. Duk rubutun hannun kawuna ne a jiki da biro, ƙanin mahaifiyata, wasu 1984 wasu 1986, na ƙarshe 1991. Ni tunda na yi wayo tela na san shi, mutum ne mai sahun gaba a masallaci, ban taɓa jin ko fito ya yi ba. Sai Inna ke gaya min wai da yana saurayi ya tara kuɗin ɗinkin sallah ya je Kano ya sayo fiyano Casio mai batir, in dare ya yi ya kulle kansa a shago da rediyo biyu, ya ɗauki kiɗa a ɗaya, ya kunna shi ya bi shi da wani kiɗan yana ɗauka a ɗayan, haka haka har ya zama kamar mutum uku ne ke bugawa. Ba mawaƙi ba ɗan amshi, shi kaɗai.

Na sa ɗaya a rediyon maƙwabcinmu wallahi tsigar jikina ta tashi, wani wuri kamar algaita wani wuri kamar goge amma dai ba su ba ne, to ko minti biyar ba a yi ba rediyon ya fara cin zaren, na yi maza na kashe. Ya zan yi in kwashe su a waya ko kwamfuta? Kuma na ji ana cewa akwai kamfanoni a Turai da Amurka masu sake fitar da tsofaffin kiɗa irin wannan a faifai, da gaske ne? Shi kawu bai ma san na gani ba, tun da ya dawo daga Makka a 1993 Inna ta ce bai ƙara taɓa fiyanon ba.

Usta Bello mai gyara (Marwa, Domayo):

Wa alaikumus salam. Ƙanena kafin komai kar ka ƙara sa ko ɗaya a wannan rediyon, na roƙe ka. Robar da ke jan zaren ta bushe ne ko ta yi danƙo, shi ya sa yake ci, kuma duk inda zaren ya cukurkuɗe sautin wurin ya tafi kenan. Shekara sama da ashirin ina wannan aikin, yawancin kaset ɗin da na ga sun mutu ba tsufa ya kashe su ba, mugun rediyo ne.

Ka fara duba saman kowane kaset, akwai 'yan haƙora biyu na roba a gefe da gefe, ka ɓalle su, in ka ɓalle ko yaro ya danna jan maɓalli ba zai goge ba. Sannan ka fitar da su daga adakar nan, ƙarfe ne, ka san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana wuce 40, ka sa su a tsaye kamar littattafai a ɗaki mai inuwa, nesa da lasifika don maganaɗisunta na ɓata sauti. Ka leƙa ta 'yar tagar tsakiya, in ka ga fari-fari kamar gari a jikin zaren to fumfuna ce, ka ware shi daban kar ka sa shi a inji. Akwai kuma ɗan soso ƙarami a ƙasa inda zaren ke gogar kan inji, gam ɗinsa kan saki ya faɗi, in babu shi sauti zai fito a dishe, ana ciro na wani kaset a manna, ko a kwance sukurori biyar ɗin a mayar da zaren gaba ɗaya cikin sabon gida.

Wajen kwashewa, ka nemi dek na gaske irin na studiyo ko na tsofaffin masu haya da lasifika a biki, a canza masa bel, a goge kan da auduga da alkol na famasi, a haɗa waya daga bayansa zuwa kwamfuta ta ɗan akwatin sauti na USB. Kar ka kara waya a bakin lasifika, za ka ɗauko kukan moto da na awaki. Manhajar Audacity kyauta ce ta ishe ka. Ka aje a WAV ba MP3 ba, minti ɗaya kamar mega 10 ne, kaset mai minti 60 kusan mega 600, duka 37 ɗin za su shiga kile ɗaya, wato ɗan filashin USB, mai giga 64 har da saura. Ka yi kwafi biyu ɗaya ya kwana a wani gida. Kuma kar ka ce za ka wanke shuuu ɗin da ke ciki, ka bar shi yadda yake, masu aikin faifai sun fi son ɗanyensa su gyara da kansu. Ka ɗauki hoton kowane kaset ciki da baya da rubutun kawun.

Hajiya Rabi (Injamena):

Ɗana Sani, labarinka ya mayar da ni gida. Ni a Nijar na tashi aure ne ya kawo ni Cadi, kuma duk wanda ya girma yana sauraron rediyo da talabijin ɗin Nijar a shekarun 1980 ya san wani kiɗa da ake sakawa tsakanin shiri da shiri, mun san shi kamar yunwar cikinmu amma da yawanmu ba mu san mai shi ba. Mamman Sani ne. Ma'aikaci ne da ya yi aiki da UNESCO, a wajen wani taro ne ya ga wani wakili ɗan Ruwanda da ogan, wato irin fiyanon nan mai lantarki, ƙirar Italiya mai suna Orla, ya lallaɓe shi har ya sayar masa, ya kawo shi Yamai ya zauna yana juya waƙoƙin gargajiya na Fulani Wodaɓe da na Buzaye da sauransu a kai, yana haɗawa da nasa. A 1978 ya ɗauki kaset ɗinsa a gidan rediyon ƙasa, ɗaukar farko sannan ya ɗora ta biyu a kai, kusan yadda kawunka ya yi sai dai shi da kayan gwamnati. Kwafin da aka buga kaɗan ne ƙwarai, kamar ɗari, shi kenan aka shafe shekara talatin da wani abu.

Wani Ba'amurke Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds a garin Portland shi ya ci karo da kaset ɗin a ma'ajiyar gidan tarihi na Yamai, ya nemi mutumin ya same shi da ransa, aka fitar da shi a faifai a 2013 da suna La Musique Électronique du Niger. Bayan nan aka fitar da Taaritt a 2014, sannan wasu da ya ɗauka tsakanin 1981 da 1984 waɗanda ba su taɓa fita ba. Dattijo ya tashi ya je Turai yana wasa a gaban matasa sa'o'in jikokinsa.

To ka ga da gaske ne. Ku a Kamaru ma kuna da naku ai, Francis Bebey, haifaffen Duwala 1929, ya rasu a Paris 2001, shi ma ya yi UNESCO, ya kafa studiyo a cikin gidansa yana haɗa sente, wato fiyanon lantarki mai ƙirƙirar sauti iri-iri, da injin ganga, kamfanin Born Bad na Faransa ya tattaro na 1975 zuwa 1982 ya sake fitarwa a 2012. Abin da ke ci min rai shi ne faifan nan a can suke ƙarewa, ɗan Zinder ko ɗan Garwa bai da injin kunna faifai balle kuɗin Yuro, sai dai ya ji a YouTube in yana da data. In Allah ya sa na kawunka ya fita ka tabbata mutanen unguwarku sun fara ji.

Alhaji Ɗanjuma (Ngawundare):

Duk na karanta, shawarar Usta ba ta da gyara. Amma ni akwai inda na tsaya, yaro ka ce kawunka bai sani ba. To kayan wa kake shirin aikawa Amurka? Mutumin nan yana raye, da hankalinsa, shi ya kulle adakar da hannunsa ya kai ɗakin uwarsa, kuma ka lura bai ƙona ba bai zubar a Binuwai ba, ya ɓoye ne. Mu da muka yi zamanin mun san yadda ake kallon ɗan mutunci in aka gan shi da kayan kiɗa, sai a ce ya zama maroƙi, a hana shi mata, wasu kuma sun bari ne tsakaninsu da Allah ba wanda ya tilasta su. Ba ka san wanne ne nasa ba. Ka je da kanka bayan la'asar, ka riƙe goro, kar ka je da abokai kar ka kunna masa kamara, ka ce Kawu ga abin da na tsinta, ka yi shiru. In ya ce a mayar a rufe to ka roƙe shi izinin kwafi ɗaya na gida, iyakarka kenan.

Moussa_son (Kusuri):

Alhaji ya yi gaskiya, kuma ba mu kaɗai ba ne. William Onyeabor na Inugu shi ya yi komai nasa, studiyonsa, kamfaninsa, har injin buga faifai, ya fitar da faifai daga 1977 zuwa 1985 da sente masu tsada, daga baya ya rungumi addinin Kirista sosai ya daina zancen kiɗa kwata-kwata. Mutanen Luaka Bop na Niyok sun sha fama kafin ya sa hannu aka fitar a 2013, kuma har ya rasu a Janairun 2017 bai hau dandamali ya buga musu ba. Ya yarda a fitar, bai yarda a mayar da shi baya ba, kawunka ma zai iya zaɓar haka.

Ni studiyo nake aiki, muna ɗaukar 'yan waƙa daga nan da ƙetaren gada wato Injamena, to bari in ƙara maka na takarda. In wani ya rubuto maka kar ka tura masa duka, ka yanko minti ɗaya-ɗaya na guda uku ko huɗu. Kar ka ba kowa ainihin kaset ya tafi da shi ko da ya rantse zai dawo. Kwantiragin ya zama haya ce ta shekaru ƙididdigaggu, biyar ko bakwai, ba sayarwa har abada ba, a rubuta rabon riba ƙarara, ni ba na sa hannu ƙasa da rabi da rabi, a rubuta sunan kawu a matsayin mai kiɗan, kuma in za a sa a fim ko talla sai an sake tambayarsa. Ku yi rajista a SONACAM, ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa da makaɗa ta Kamaru, tukunna. Wani ɗan'uwana ya ba wani baƙo kaset ɗin mahaifinsa a kan sefa dubu hamsin babu takarda, har yau bai san inda suka shiga ba. Sannan kar ka sa rai da kuɗi masu yawa, irin faifan nan ɗaruruwa ake bugawa ko dubu ɗaya da wani abu, in an cire kuɗin bugawa abin da ya rage ba zai gina gida ba.

Sani_Rumde (Garwa):

Na gode ƙwarai Allah ya saka. Alhaji na bi maganarka, jiya na je shagon bayan la'asar da kaset ɗaya a aljihu, na 1986. Da na aje a kan keken ɗinki ya daɗe yana kallonsa bai taɓa ba, har na fara nadama, can sai ya ce wa ya buɗe adakar Dada. Na gaya masa. Ya juya kaset ɗin ya karanta rubutunsa sai ya ce na biyu a wannan gefen ba nasa ba ne, waƙar niƙa ce da kakarmu ke yi a kan dutse da asuba, ya bi ta ne a fiyano don kar ya manta, kuma ita da kanta ta karɓi adakar ta ce ba za a ƙona ba. Ya rera min kaɗan a hankali, Inna ma da na maimaita mata a gida sai da ta yi kuka.

Ya yarda in kwashe duka. Zancen fitarwa ya ce in bari sai ya saurara tukunna, akwai guda huɗu da ya yi wa wata yarinya da bai aura ba, waɗannan ko ni ba zan ji ba, ya ce in kawo masa su. Fiyanon ma yana nan ashe, a saman silin shagon naɗe cikin buhu.

Usta Bello na samo dek Technics wajen wani mai haya da lasifika a Yelwa, yana kamawa amma ba ya juyawa, ina jin bel ɗin ne. In na sa shi a motar Marwa ranar Asabar za ka duba min? Kuma biyu a cikin kaset ɗin suna da farin nan da ka ce, na ware su a leda, in haɗo maka da su ko in bar su a nan?